Daminar da Na Yi wa Surukina Wanka

Bana ma ruwa ya yi mana halinsa. Ya sauko da ƙarfi aka yi shuka, gero ya fito ya kai tsawon yatsa, sai sama ta washe tas. Da hantsi in na leƙa gonar bayan gida sai in ga ganyen ya nannaɗe, ƙasa ta yi fari fat. Duk shekarar da aka yi irin wannan farin, ni ba yunwa nake fara tunawa ba, ko da yake na sha ta. Wata kunya nake tunawa, wadda har yau in ta taso mini sai na ji kunnuwana sun ɗau zafi, ni da jikokina suka fara aure.

Maƙwabciyata Rabi ce ta ƙara tono mini ita. Uwar mijinta ta rikice da gigin tsufa, ba ta gane kowa, kuma ba ta iya riƙe fitsari. Rabi ba ta ɓoye wa kowa ba. Sun kai ta asibiti a Bodinga, aka ce musu ciwo ne na ƙwaƙwalwa da ke kama wasu tsofaffi, aka koya musu yadda za su lallaɓa ta. 'Yan'uwan mijin suka raba kwanaki, mai nisa kuma ya bugo waya ya ji yadda aka kwana. Rabi takan tsaya a bakin danga ta ba ni labarin abin da tsohuwa ta yi jiya, wani lokaci da dariya, wani lokaci da hawaye. Nakan saurare ta in ce Allah ya ba da lada, amma a raina mamaki nake yi yadda bakinta ke iya faɗa.

Sunana Kulu. Ni 'yar Dingyadi ce, aure ya kawo ni Mandera a ƙasar Shagari zamanin mulkin farar hula na biyu. A lokacin ɗan yankin nan ne ke kan kujerar mulkin ƙasa, don haka in na je ganin gida sai 'yan'uwana su riƙa tsokanata, wai ni na haye, yanzu shinkafa nake ci safe da yamma. Ni kuwa ban ga shinkafar ba sai ranar Salla. Abubuwa suka yi ta tsada tun kafin soja su karɓi mulki, da suka karɓa kuma sabulu da sukari da kananzir suka ɓace daga kasuwa. Maza kan tafi Bodinga su wuni a layi, su dawo da sandar sabulu guda, wani lokaci su dawo da ƙurar hanya kawai.

Gidanmu ba shi da mutane. Daga ni sai maigidana, sai jaririyata a goye, sai mahaifinsa, wanda nake kira Baba. Uwar maigidana ta rasu kafin a kawo ni, 'yan'uwansa mata kuma duk suna aure nesa. Baba manomi ne na ji da faɗi a zamaninsa, dogo, mai tsabta, wanda ba ya fita ko ƙofar gida sai da hula. Tsakanina da shi kuwa akwai kunyar surukuta yadda aka san ta a da. Ban taɓa cin abinci yana gani ba. Ban taɓa kallon fuskarsa ba. In zan gaishe shi, daga nesa nake cire takalmi in durƙusa, kaina a ƙasa. In yana zaure ina son wucewa, sai in tsaya har ya tashi, ko da tukunyata na ƙonewa. Da za a ce in faɗi kamanninsa a lokacin, ƙafafunsa kawai zan iya kwatantawa.

Da bazarar shekarar maigidana ya kwashe albasar da ya noma a fadama ya bi mota zuwa kudu, ya ce zai dawo kafin ruwa. Tun kafin ya tafi Baba ya fara canzawa. Yakan yi sallar azahar, ya shafa addu'a, ya tashi ya sake alwala ya ce bai yi ba. Yakan tambayi ina matarsa ta shiga, matar da ta daɗe a ƙasa. Na yi wa maigidana maganar a fakaice, ya ce gigin tsufa ne, kowane tsoho da irin nasa, in dai ba shi abinci a kan lokaci. Bai dawo kafin ruwa ba. Wani ɗan garinmu da ya komo ya ce motarsu ta lalace a hanya, albasa ta ruɓe cikin buhu, shi kuma ya ji nauyin dawowa hannu wofi, ya tsaya yana dako a kasuwar Ibadan.

Zafin bazarar nan ban taɓa ganin irinsa ba. Da rana ko tabarma ka taɓa sai ta ƙona ka, ruwan randa ya yi ɗumi, kaji su buɗe baki su lafe a gindin rumbu. Da ruwan fari ya sauko, ƙanin Baba, Bappa Mode, wanda ke zaune a wata unguwa ta garin, ya turo mutanensa suka yi mana shuka. Gero ya fito kore shar, muka ce alhamdu lillahi. Daga nan ruwa ya ɗauke. Hadari kan haɗo ta gabas da la'asar, ya yi baƙi, iska ta taso, mu kwashe shanya da gudu, sai ya watse ko ɗigo babu. Shukar farko ta ƙone, aka sake wata da ɗan irin da ya rage. Rumbunmu kuwa ya kai inda sai na shiga ciki gaba ɗaya na tattaro da tsintsiya. Na koma yin kwaɗon tafasa da rama, ina auna gero da tafin hannu, ina dama wa Baba kunu mai ɗan kauri, nawa kuma ruwa-ruwa.

A cikin wannan farin ne abin ya faru. Wata safiya na kai masa kunu, na durƙusa a bakin ƙofar ɗakinsa kamar kullum, na yi sallama. Wari ne ya amsa mini. Yana zaune a kan tabarma, ya ɓata wandonsa, yana shafa hannu a bango yana kuka ƙasa-ƙasa. Na ajiye ƙwaryar na koma ɗakina da gudu. Na zauna ina tunanin wa zan kira. In na aika wa Bappa Mode, gari ya ji cewa Baba ya koma haka. In na kira maƙwabta, me zan ce musu, da wane baki? Na daɗe a zaune ina fatan ko ƙasa za ta tsage in shige. Kukan dai bai tsaya ba. Na ɗaure ɗiyata tamau a baya, na ɗebi ruwa a bokiti, na shiga.

Ranar na fara ganin fuskar surukina. Ashe yana da ɗan tabo a gefen ido, ashe haƙoransa na gaba sun zube. Na ɗaura masa tsohon zanena a ƙugu, na kama hannunsa zuwa makewayi, na zaunar da shi a kan kujera 'yar tsugunno. Na naɗe hannuna da tsumma, na kau da kaina gefe, ina zuba ruwa ina istigfari. Shi kuwa ya miƙa mini hannu, ya miƙa ƙafa, yana ce mini Inna. Ya ɗauka uwarsa ce. Da na gama na sa masa wasu tufafin, na wanke bango da toka, sannan na zagaya bayan rumbu na yi amai.

Daga nan abin ya zama aikin kullum. Da asuba in je rijiya tun maza ba su fito daga masallaci ba, ruwan ya yi ƙasa, guga na fitowa da laka. In ajiye bokitin a rana ya yi ɗumi, don itacen dafa ruwan wanka ya fi ƙarfina. In yi daka, in dama kunu, in ba shi a baki da ludayi, don in na bar masa sai ya zuba wa kaji. Da hantsi wanka. Bayansa wankin wanduna, da ɗan sabulun salo in akwai, in babu da toka. Ina shanya su can ƙuryar gida, in rufa musu zanena a kai don kada mai leƙowa ya gane. Da rana in zauna a bakin ƙofarsa ina tsinkar tafasa, ido ɗaya a kan zaure, don ya fara son fita, wai zai je gona. Nonona ya ragu, ɗiyata ta yi ta tsotsa tana kuka. Ni kuma wuyana ya yi tsawo, zobena ya riƙa zamewa daga yatsa.

Abin da ya fi mini ciwo shi ne ranakun da hankalinsa ke dawowa. Wata rana ina cuɗa masa baya, sai na ji jikinsa ya sandare. Ya waiwayo ya dube ni, duba irin na mai hankali, ya kai hannu biyu ya rufe fuskarsa.

"Ɗiyam mutane, mi yak kawo ki nan? Ina mijinki?"

Na saki tsumman na durƙusa cikin ruwan wanka, kaina a ƙasa, kamar yadda na saba gaishe shi. Ya yi ta cewa subhanallahi, kafaɗunsa na rawa. Mu biyu muka zauna a makewayi muna kuka, kowa na jin kunyar ɗan'uwansa. Can sai ya sauke hannu ya ce, Inna, ruwan ya yi sanyi. Wallahi daɗi na ji da ya sake mantawa, kuma wannan daɗin ma kunyarsa nake ji.

Bappa Mode yakan zo gaishe shi ranar Juma'a bayan an sauko. Tun da safe nake shirya Baba, in sa masa farar riga da hula, in shimfiɗa masa buzu a zaure. Abin mamaki, duk abin da ya manta bai manta gaisuwa ba. Ina gajiya, ba gajiya. Ina iyali, lafiya lau. Yaya ruwa, sai godiya. Gaisuwarmu kuwa doguwa ce, mutum zai iya zama ya tashi bai faɗi komai ba sai ita. Bappa ya gama, ya ɗaga murya ya tambaye ni ta bayan bango ko akwai wata damuwa, in ce babu, Bappa, sai alheri. Ya ajiye ɗan abin da ya kawo ya tafi yana cewa Yaya ya yi kyau. Ni kuma in saki numfashi, in je in duba buzun.

Ruwa ya dawo da damina ta yi nisa, ya dawo kuma da fushi. Aka kwana biyu ana tafkawa, katangar makewayi ta jiƙe ta fara zubewa, kwaɗi suka cika gari da kuka. Gero na biyu ya miƙe, amma ciyawa ta riga shi. Bappa Mode ya ga gonar za ta salwanta, ya kira gayya. Ya aiko mini da dawa ya ce in dama wa manoma kunu. Ran gayyar garin ya waye da sanyi-sanyi, ƙasa na ƙamshi. Maza suka jeru a gonar bayan gidanmu da hauyoyi, mai ganga ya fara kiɗa. Na yi wa Baba wanka da wuri, na kwantar da shi, na koma murhu. Hayaƙin ɗanyen itace ya cika mini ido, ga babbar tukunya na tafasa, ga goyo na kuka. Ban ji fitarsa ba.

Abin da na ji shi ne ganga ta tsaya. Ta tsaya cak a tsakiyar kiɗa. Na leƙa ta ɓular danga. Baba na tsakiyar gona, ya ji kiɗan da ya sani tun yana saurayi ya bi shi. Ya ɓata wandonsa a hanya, ya tuɓe shi ya yar a kan kunya. Daga shi sai hula. Ya karɓe hauyar wani ya duƙa yana noma, yana yi wa matasa faɗa wai sun cika lalaci. Mazan nan duk sun sunkuyar da kai. Wasu 'ya'yan abokansa ne, wasu a hannunsa suka koyi riƙon hauya, ba wanda ya iya ɗaga ido balle ya matsa.

Ban san lokacin da na keta danga ba. Ni da ban taɓa fita gaban maza da rana ba, sai ga ni cikin laka da ludayi a hannu. Na cire mayafina na ɗaura masa, na tsaya kaina ba lulluɓi a gaban rabin mazan Mandera. Na ce, Baba, taho mu tahi gida. Ya dube ni ya yi murmushi, ya ce da ƙarfi yadda kowa zai ji, "Inna, wanka za ki yi mani?" Ya ba ni hannu kamar yadda ya saba. Na ja shi muka bi ta gabansu har gida.

Gayya ta watse ba wanda ya sha kunun. Da azahar ina zaune a ɗaki na kasa ko salla, sai Inna Tumba ta shigo, wata tsohuwa da muke danga ɗaya da ita. Ta zauna ta karɓi ɗiyata, ta daɗe tana jijjiga ta kafin ta yi magana.

"Kulu, tun lokacin hwarin nan munka sani. Dangag ga ta kara ce, muna jin komi, muna ganin shanya. Mun so mu shigo, sai munka ce in kin gane mun sani, ina za ki sa kanki? Shi ya sa munka yi kamar ba mu gani ba."

Ashe duk ɓoyon da nake yi, su ma ɓoyo suke yi mini. Ni ina jin kunyar in kira su, su suna jin kunyar su zo, aka bar ni da tsoho da jaririya da yunwa damina guda. Haushi ya kama ni, har na so in faɗa mata baƙar magana. Sai na ga ita ma idonta ya cika, ta kasa kallona.

Washegari da hantsi Bappa Mode ya zo da jaki da maza biyu. Ya tsaya a zaure ya sa aka kira ni, na durƙusa a bayan ƙofa da aron mayafin Inna Tumba. Ya ce abin da ya faru jiya ya ishe su abin kunya, yayansa ya taɓu, kuma ba a barin mai taɓin hankali a hannun mace. Akwai wani malami a ƙauyen bayan Kajiji mai karɓar irinsu, can za a kai shi. Na san gidan, kowa ya san shi. Mari ake sa musu a ƙafa, a ɗaure su a turke a rumfa, a riƙa ba su rubutu. Na tuna ƙafafun Baba, yadda fatarsu ta yi laushi har tsumma ke sa ta ja. Ban taɓa mayar wa Bappa magana ba, amma na ji bakina ya buɗe.

"Bappa, ka yi mani aikin gahwara. Baba ba shi da hauka, bai taɓa bugun kowa ba. Mantuwa ce. Tun lokacin hwarin nan ni ka yi mishi wanka, ni ka wanke mishi wando, kullum. Can inda za a kai shi, wa za shi wanke shi?"

Na faɗa a gaban maza uku, da bakina, abin da ko uwata ban iya faɗa wa ba. Mutanen nan biyu suka sulale suka fita. Na zauna ina jiran ya ce na zubar da mutuncin gidansu, ko ya ce in tattara in koma Dingyadi. Daga cikin gida Baba ya fara kiran Inna, da irin muryar da na san ma'anarta.

Bappa ya tambaye ni ina ruwan. Na nuna masa bokitin a rana. Ya tuɓe babbar rigarsa ya rataye a ƙofar zaure, ya naɗe hannun 'yar cikinsa, ya ɗauki bokitin ya shiga. Ina daga bakin murhu ina jin su. Baba ya ce, kai wane ne? Ya ce, Mode ne, Yaya. Baba ya ce ƙarya ne, Mode yaro ne ƙarami, kai ko tsoho ne. Daga nan ban ƙara jin komai ba sai zubar ruwa. Da ya fito rigarsa ta jiƙe, idanunsa sun yi ja. Bai dube ni ba. Bango ya kalla ya ce, "Gobe ki aje ruwan ki shiga ɗaki." Aka koma da jakin ba kowa a kansa.

Haka aka yi har kaka. Kullum da hantsi in ji sallamarsa, in ajiye ruwa in shige ɗaki. Inna Tumba da matan unguwa suka karɓi daka da zuwa rijiya, wata ta zauna da Baba in samu in runtsa da rana. Ba wadda ta taɓa ta da maganar gona. Geron da aka samu bai taka kara ya karya ba, amma mun ci sabon tuwo, Baba ma ya ci. Ya rasu bayan an gama ɗaurin dammuna, a ɗakinsa, a kan tabarmarsa, ƙarfe bai taɓa ƙafarsa ba.

Maigidana ya iso ana zaman makoki, ya rame ya yi baƙi. Ko daga baya wani ya ba shi labari, bai taɓa nuna mini ba, ni ma ban taɓa faɗa masa ba. Ran da ya iso, ina ɗaki ina hangen su ta bayan asabari, ya durƙusa gaban Bappa Mode a tsakar gida, cikin mutane, yana kuka yana yi masa godiya. Ya ce ya ji tun da ciwon ya fara Bappa ne ke yi wa mahaifinsa wanka da hannunsa, bai bar wa kowa ba. Bappa ya buɗe baki zai yi magana, ya dubi ƙofar ɗakina, ya rufe. Can ya ce, ba komi, Yayana ne. Ya karɓi godiyar duka, har da rabona, ni kuma ina bayan asabari ina gode masa da ya karɓa.